Harafin E a Goshin Waya: Wa Ke Yanke Wa Tsofaffin Hanyoyin Sadarwa Wa'adi?

Matanin laccar da aka gabatar a gaban ɗaliban fasaha, masu gyaran waya, masu POS da shugabannin ƙungiyoyin manoma na arewacin Jihar Kano

 

Gabatarwa

Matafiyin da ya tashi daga Kano ya nufi Dambatta, ko ya bi hanyar Katsina ta Dawanau zuwa Bichi da Tsanyawa, in ya riƙa duban goshin wayarsa zai ga rubutun da ke kusa da sandunan sabis yana sauyawa. A cikin gari 4G ne. Can gaba sai ya koma H, alamar 3G. Da ya sauka daga kwalta ya kama burji tsakanin gonakin gero da wake, sau da yawa harafi ɗaya ne ke saura, wato E.

Wannan E sunan wata fasaha ce, EDGE, wadda aka fara aiki da ita a 2003, kuma reshe ce ta GSM da aka fi sani da 2G. Ita kuwa GSM ta girmi yawancin waɗanda ke zaune a zauren nan. An yi kiran farko a kanta ranar 1 ga Yuli, 1991 a ƙasar Finlan, aka aika saƙon tes na farko a Disamba 1992 a Ingila. Ta iso Najeriya bayan gwanjon lasisi da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi a Janairu 2001 ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, inda Econet da MTN suka biya dala miliyan 285 kowanne. A lokacin, layukan tarho masu aiki a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba.

Fiye da shekara ashirin bayan nan, alƙaluman NCC na ƙarshen 2024 sun nuna kimanin layi huɗu cikin kowane goma a Najeriya har yanzu a kan 2G suke. Na 3G ba su kai ɗaya cikin goma ba, na 5G kuwa ba su cika uku cikin ɗari ba.

Yankin da ake magana a kansa ba dokar daji ba ne. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ta kewaye Kano, ya nuna wa duniya yadda gona ke manne da gona, ana noma kowace shekara ba a barin saura, taki da dabbobi da bishiyoyi suna riƙe da ƙarfin ƙasa. Mutane a cike suke a Minjibir, Gezawa, Gabasawa, Makoda, Kunchi da Dawakin Tofa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kuɗin sayen babbar waya da wutar da za a yi mata caji. Saboda haka tambayar da laccar nan ta sa a gaba ita ce: wa ke da ikon cewa tsohuwar hanyar sadarwa ta daina aiki, kuma me zai faru da mutanen da cinikinsu ke bin ta kanta?

Abubuwa uku da ke haɗa kira

Kafin waya ko kwamfuta ta yi magana da wata, sai abubuwa uku sun yarda da juna. Na farko ƙarfen sabis, wanda kamfanin sadarwa ke kunnawa ko kashewa. Na biyu ɗan guntun rediyon da aka dasa a cikin na'urar tun daga masana'anta. Na uku babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da na'urar gaba ɗayanta: Android ko iOS a waya, Windows, macOS ko Linux a kwamfuta.

An fi sanin na farko, domin ana ganinsa tsaye a bakin gari da janaretonsa. Na uku ba a ganinsa, amma matsayinsa kamar na tafinta ne a kotu: mai ƙara yana nan, alƙali yana nan, amma in tafinta ya ce ya daina jin yaren, shari'a ta tsaya. Kowace hanyar sadarwa tana da ƙa'idojinta, kuma sai an rubuta su a cikin babbar manhaja, tare da 'yar manhajar da masu gyara ke kira direba, sannan na'ura za ta iya bin hanyar. Ranar da aka cire su a sabon zubi, na'urar lafiyarta lau, hanyar ma tana nan, amma ba za su haɗu ba.

Ƙananan wayoyi masu madannai da tocila, irin na itel da Tecno da Nokia, su ma suna da babbar manhaja, sai dai 'yar mitsitsiya ce da aka zuba tare da guntun da kamfanonin MediaTek ko Unisoc ke ƙerawa. Galibi ba a sabunta ta har wayar ta mutu. Ba wanda zai zare mata wani abu daga nesa, amma kuma ba wanda zai koya mata sabuwar hanya. In 2G kaɗai ta sani, to da 2G za ta rayu, da ita za ta mutu.

Kayan da ke kan tsohuwar hanya

A tsaya a kara a kasuwar Dambatta. An daidaita a kan rago, dillali ya sa albarka, mai saye ya ce babu tsabar kuɗi a jikinsa.

"Alhaji, ko za a yi tiransifa?"

"To, Malam, kira mini lambar asusun a hankali."

Sai ya zaro ƙaramar waya da aka ɗaure bayanta da kyauro, ya danna tauraro da lambobi uku da alamar tsani. Allon ya yi jim, jerin zaɓi ya fito. Ya sa lambar asusu, sunan mai rago ya bayyana, ya karanta da ƙarfi kowa ya ji, ya juya baya ya sa lambar sirri. Ba a saki igiyar ragon ba sai da alat ya yi ƙara a aljihun mai sayarwa. Ba data, ba intanet, ba manhajar banki.

Wannan hanya ita ce USSD, kuma 'yar gidan GSM ce ta asali. Tana bin siririyar hanyar da waya da ƙarfen sabis ke gaisawa da juna, saƙonta bai wuce haruffa 182 ba, kuma ba ya zama a cikin waya bayan an gama. A kanta ne *737# na GTBank, *894# na First Bank, *919# na UBA, *966# na Zenith da *901# na Access suke. A kanta ake duba kati da *310# tun da NCC ta haɗe lambobin dukkan kamfanoni a 2023, a kanta ake ciro lambar NIN da *346#. An ga ranarta a farkon 2023, lokacin da sauyin fasalin naira da Babban Banki ya sanar a Oktoba 2022 ya ƙafar da tsabar kuɗi daga kasuwanni. Mai goro da mai kayan miya da ba su taɓa tunanin asusun banki ba, sai ga su suna haddace lambobi goma.

Saƙon tes ma yana ɗauke da nasa kayan. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, shirin GES ya riƙa aika wa manoman da aka yi wa rajista saƙo a waya, su je wurin dila su karɓi buhu biyu na takin zamani a rabin farashi. Ɗalibin da zai rubuta JAMB a yau sai ya aika lambar NIN ɗinsa zuwa 55019 ko 66019 kafin ya samu lambar fara rajista. Lambar sirri ta wucin gadi da banki ke turowa ita ma ta tes take zuwa.

Sai na'urorin da ba a kallonsu a matsayin waya. Injin POS layi ne a cikinsa, kuma tsofaffin injuna da yawa ta GPRS, yayan EDGE, suke aika saƙo. Sababbin na Moniepoint da OPay da PalmPay masu Android sun san 4G, amma in ta ɓace su ma kan gangaro ƙasa. Saƙon cire kuɗi bai kai nauyin ƙaramin hoto ba, don haka siririyar hanya ta ishe shi. Na'urorin bibiyar mota da wasu na'urorin sola na biya kaɗan-kaɗan su ma haka suke.

Dalilan da suka sa 2G ta yi kaka-gida a karkara a bayyane suke. Tana aiki a kan mita 900 da 1800, kuma ƙaramar mita ta fi tafiya nesa da ratsa bango. A ƙa'idar GSM, ƙarfe ɗaya na iya jin waya har nisan kilomita 35 in fili ya yi kyau. 3G ta zo Najeriya a kan mita 2100, 5G kuwa a kan 3500, masu gajeren zango. Ga kuma batir: ƙaramar waya kan yi kwana da kwanaki da caji ɗaya, abin da ke da muhimmanci ga wanda sai ya biya a shagon caji.

Dalili na farko: babu mai kula

Masu rubuta babbar manhaja ba don ƙeta suke zubar da tsofaffin hanyoyi ba. Dalilansu uku ne, kuma kowanne yana da hujjarsa.

Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 kuma ita ce gindin Android, ta fi kowa yin abinta a fili. Kowane sashe nata yana da sunan mai kula da shi a rubuce. In ya bari ba a samu magaji ba, sai a yi wa sashen alamar maraya, a jira. In an yi shekaru ba wanda ya ce uffan, sai a cire. Ta haka aka cire Token Ring a 2012, aka cire sadarwar infrared a 2018, wadda tsofaffin masu Nokia ke tunawa da jera waya biyu baki da baki don tura sautin kira. WiMAX, wadda wasu kamfanonin intanet na Legas suka taɓa dogaro da ita, ta tafi a 2021, DECnet kuma a 2022.

Amma akwai inda aka ja daga. A ƙarshen 2022 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga manyan masu kula da Linux, ya kawo shawarar kashe wata tsohuwar ƙa'ida ta Microsoft mai suna RNDIS, yana cewa ba ta da tsaro. Sai masu amfani suka yi ca, domin ta kanta ne wayoyin Android da yawa ke ba kwamfuta intanet ta igiyar USB. Shawarar ba ta shiga a lokacin ba. Wannan igiya ita ce intanet ɗin shagunan buga takardu da yawa a garuruwa irin su Bichi da Minjibir. Waɗanda suka yi magana a madadinsu ba su san da su ba, sun dai kare tasu buƙatar ne, ta dace da ta mai shago.

A nan gizo ke saƙa. Masu manhaja suna auna yawan masu amfani da abu ne ta hanyar ƙorafin da ya iso gare su da kuma bayanan da na'urori ke aikowa ta intanet. Na'urar da ba ta hawa intanet ba ta shiga lissafi, mai ita kuma ba ya rubuta ƙorafi da Turanci.

Ba kullum ake gaggawa ba. Windows 11 har gobe tana da wurin haɗa kwamfuta da intanet ta layin tarhon gida, duk da cewa kamfanin AOL na Amurka, wanda ya yi suna da wannan hanya, ya rufe ta a ƙarshen Satumba 2025.

Dalili na biyu: tsaro

Ranar 12 ga Mayu, 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, tana kulle bayanan kwamfuta tana neman fansa. Asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya. Ƙofar da ta bi ita ce SMB1, ƙa'idar raba fayil da firinta tsakanin kwamfutoci, wadda asalinta ke komawa shekarun 1980, aka bar ta a buɗe a Windows don kada tsofaffin na'urori su tsaya. Abin ya kai Microsoft ta fitar da faci har ga Windows XP, wadda ta daina tallafa wa tun Afrilu 2014. Daga ƙarshen 2017 sababbin zubin Windows 10 suka fara zuwa da wannan ƙofa a rufe. Shi ya sa wani ofis kan sayi sabuwar kwamfuta, tsohon injin hoton takarda ya ƙi tura mata abin da ya ɗauka.

2G ma tana da irin wannan rauni. A tsarinta, waya ce ke tabbatar wa ƙarfen sabis ko ita wace ce, shi kuwa ba ya tabbatar mata da komai. Duk wanda ya kunna ƙarfen bogi mai ƙarfin sigina, wayoyin da ke kusa za su bi shi. Makullin da ke ɓoye muryar kira, A5/1, shi ma ya tsufa: a Disamba 2009 masanin tsaro Karsten Nohl ya nuna a wani taro a Balin yadda za a karya shi. A wasu ƙasashe an kama 'yan damfara suna yawo da irin wannan na'ura a mota, suna janyo wayoyi zuwa 2G, suna cusa musu saƙon banki na ƙarya. Daga 3G zuwa sama an gyara wannan, kowane ɓangare sai ya tabbatar da kansa.

Saboda haka Google ta sa maɓallin kashe 2G a Android 12 a 2021. A Android 14 ta ba ma'aikatu ikon kashe ta a duk wayoyin ma'aikatansu. Apple ma, a yanayin tsaro mai tsanani na iOS 17, tana hana waya sauka 2G. Ga ɗan jarida ko jami'i a babban birni, wannan kariya ce. Ga ma'aikacin lafiya ko malamin gona da aka tura ƙauyen da E kaɗai ke kamawa, wayar da aka kashe wa 2G ba za ta yi kiran yau da kullum ba. Har yanzu zaɓi ne, mai waya ke kunnawa. Abin lura shi ne SMB1 ma da zaɓi ta fara, kafin ta koma a kashe tun daga kwali.

Dalili na uku: kasuwa

A gefen tasha ko bakin kasuwa akwai mai turi, da teburinsa da lema da tsohuwar kwamfutar gwanjo mai Windows 7. Igiyoyi sun fito daga cikinta kamar saiwa, ga abin karanta memori an naɗe shi da salatif. Yaro ya miƙo memori ya ce a zuba masa fim da karatun malamai, a cika. Daga nan kayan za su ratsa ƙauye ta Bluetooth daga ƙaramar waya zuwa ƙaramar waya, ko ta Xender tsakanin manyan wayoyi, ba tare da an ƙona data ko ta sisi ba. Android na riƙe da tura fayil ta Bluetooth har yau, iPhone kuwa ba ta taɓa yarda da shi ba.

Wannan kwamfuta za ta yi ta turi muddin ba ta buƙaci intanet ba. Ranar da mai ita ya so yi wa ɗalibi rajista, nan take tsufanta ke bayyana. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020, Chrome ya yi mata zubi na ƙarshe a farkon 2023. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta hawa sai kwamfuta na da guntun tsaro na TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, abin da kwamfutocin gwanjo da yawa ba su da shi.

Tsofaffin wayoyin Android ma sun sha irin wannan. Shafukan intanet na amfani da takardar shaida ta lantarki, ita kuma waya tana da jerin masu ba da shaidar da ta yarda da su, wanda ke cikin babbar manhaja. Let's Encrypt, mai ba miliyoyin shafuka shaida kyauta, ba ta cikin jerin wayoyin da ke ƙasa da Android 7.1.1, kuma dabarar da aka yi ta rufa musu asiri ta ƙare a Satumba 2024. Mai irin wannan waya sai ya ga shafi ya ƙi buɗewa, ya ɗora laifin a kan sabis.

WhatsApp kuwa ta yi ta zubar da kaya a hanya: Symbian da BlackBerry a 2017, ƙananan Nokia masu S40 a ƙarshen 2018, duk Android da ke ƙasa da 5.0 a Oktoba 2023. Wanda ya fi shafar talaka shi ne na KaiOS, babbar manhajar da aka yi musamman don waya mai madannai ta hau intanet, wadda MTN ta kawo wayoyinta masu araha Najeriya a 2019. WhatsApp na cikin abin da ya sa aka saye su, kuma a farkon 2025 ta janye daga kansu.

Abin da ya faru da CDMA

Kano ta taɓa ganin mutuwar hanyar sadarwa da idonta. A shekarun 2000 akwai Starcomms, Multi-Links, Zoom da Visafone, masu aiki da CDMA, kishiyar GSM. Shaguna da ofisoshi sun cika da tarhonsu na tebur mai eriya, modem ɗinsu kuma ya yi tashe a wurin ɗalibai. Kasuwa ta juya musu baya ɗaya bayan ɗaya. A farkon 2016 MTN ta sayi Visafone, kuma abin da ta hango shi ne mita 800 da kamfanin ke riƙe da ita, don shimfiɗa 4G. Aka mayar da masu layi kan GSM, wayoyin CDMA suka koma kayan wasan yara.

Abu biyu ya fito daga wannan. Na ɗaya, asarar na'ura a kan mai ita take faɗawa. Na biyu, mitar da tsohuwar fasaha ke zaune a kai dukiya ce, kuma 4G a kan ƙaramar mita ita ma tana tafiya nesa. Kamfanin da ke ƙona dizal yana riƙe da 2G, 3G, 4G da 5G a ƙarfe ɗaya yana da dalilin son rage kaya, musamman wanda ya biya dala miliyan 273.6 don lasisin 5G a gwanjon Disamba 2021, kamar yadda MTN da Mafab suka yi.

Babbar waya ma ba ta tsira ba

Mai babbar waya na iya gwada wani abu a yanzu: ya buga kira, ya dubi goshin wayar. In 4G ta koma H ko E har sai ya kashe kiran, to muryarsa a tsohuwar hanya take tafiya. An gina 4G ne don data kaɗai. Kafin murya ta bi ta kanta sai da VoLTE, ita kuma sai kamfanin sadarwa ya kunna, sannan babbar manhajar wayar tana ɗauke da saitin wannan kamfani. Wayar gwanjo da aka yi wa kasuwar wata ƙasa na iya sanin VoLTE sarai, amma ba ta san kamfanonin Najeriya ba.

Ostareliya ta ɗanɗana wannan. Da manyan kamfanoninta suka fara kashe 3G a Oktoba 2024, bayan sun daɗe da kashe 2G, sai aka tarar da wayoyin 4G da yawa ba sa iya kiran lambar gaggawa. Gwamnati ta ba da umarni a toshe su daga sabis baki ɗaya.

Jamus ta bi wata hanyar: a 2021 ta kashe 3G ta bar 2G, saboda kira da tes da na'urori masu layi a ciki. Indiya ta fara da wayar kafin hanyar: kamfanin Jio ya fito da ƙaramar waya mai madannai mai 4G da VoLTE a 2017, ya ƙara da JioBharat a kan rufi 999 a 2023. Afirka ta Kudu ta rubuta ƙarshen 2027 a takardar manufarta a matsayin lokacin rufe 2G da 3G, kamfanoni suka nuna damuwa kan tsadar waya, sannan daga Afrilu 2025 gwamnati ta cire harajin kayan alatu na kashi 9 cikin ɗari daga wayoyin da ba su wuce rand 2,500 ba.

Kammalawa

2G ba za ta dawwama ba, kuma rauninta na tsaro gaskiya ne. Abin da ke hannun Najeriya shi ne jerin yadda za a yi, da kuma wanda zai ɗauki asarar.

Ga NCC da kamfanonin sadarwa, alƙaluman hukumar da kanta sun nuna tsakanin 2G da 3G, 3G ce ta fi ƙarancin jama'a, don haka ita ta cancanci fara tafiya, a mayar da mitarta ga 4G. Kada a sa wa 2G rana sai an ƙirga injunan POS da sauran na'urorin da ke kanta, an tabbatar USSD da kiran 112 suna aiki a sabuwar hanya, an kuma ba da sanarwa ta shekaru da Hausa a gidajen rediyo irin su Rediyon Kano da Freedom. NCC ce ke amincewa da kowace irin waya kafin a shigo da ita, saboda haka tana iya shar'anta cewa duk mai 4G ta zo da VoLTE da aka saita wa kamfanonin gida. Asusun USPF, da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa don yankunan da kasuwa ba ta kai ba, nan ne wurin aikinsa.

Ga masu gyara da masu sayarwa, daga Farm Centre zuwa rumfunan kasuwannin ƙauye, kafin a miƙa wa mutum waya a duba zubin Android ɗinta, a gwada kira a ga ko 4G na tsayawa, a tambaye shi garin da zai yi amfani da ita kafin a taɓa maɓallin kashe 2G. Mai son ƙaramar waya a nuna masa mai 4G, domin akwai su. Masu shagon kwamfuta su raba aiki: tsohuwar ta tsaya a turi da buga takarda ba tare da intanet ba, rajista da harkar banki su koma kan wadda ake sabuntawa. Kwamfutar da Windows 11 ta ƙi, sau da yawa Linux mara nauyi na karɓarta.

Ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bichi, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, da Jami'ar Bayero, akwai aikin da ba ya buƙatar ɗakin gwaji. A zagaya mazaɓu da wayoyi biyu ko uku, a rubuta wace hanya ke kamawa a kowane ƙauye da kowane layi, a ƙirga injunan POS na kasuwa ɗaya da irin hanyar da suke bi. A buga sakamakon, a miƙa wa ofishin NCC na shiyyar Kano, a kuma aika wa masu kula da Linux da Android ta hanyoyin karɓar rahoto da suka buɗe wa kowa. Kasuwar Dambatta da ta Dawanau sun isa a fara da su a zangon karatu ɗaya.